Kalmomin Cinikin Takarda Da Ɗab'i Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

Babu wata sana'a a ƙasar nan da ta kuɓuta daga hannun masu maɗaba'a. Mai kanti yana bukatar rasit, mai makaranta yana bukatar littattafan rubutu da takardun jarrabawa, mai sarrafa abinci yana bukatar kwali da tambari, mai neman kujerar siyasa kuwa hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ga hotonsa a jikin bango. Amma duk da wannan cuɗanya, da wuya a sami cinikin da mai saye yake shigarsa ido rufe kamar na takarda da ɗab'i. Ɗan kasuwar da ba a isa a tauye masa mudu a awon hatsi ko a rage masa yadi a atamfa ba, sai ka same shi a unguwar Shomolu ta Legas, inda maɗaba'u suka yi cincirindo, yana gyaɗa kai a kan takardar farashin da bai fahimci rabin abin da ke cikinta ba. In aiki ya fito saɓanin yadda ya zata, sai a ce masa ai abin da ya sa wa hannu ke nan. Sau da yawa kuma gaskiya aka faɗa masa.

Dalilin da ya sa wannan rashin sani ya ƙara tsada a fili yake. Mafi yawan farar takardar rubutu da ta buga littattafai da ake amfani da ita a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, daga ƙasashe irin su Indonesiya da Sin da Indiya, kuma da dala ake biya. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na shekarar 2023, duk wani motsi na kuɗin musaya yakan iso teburin mai maɗaba'a cikin 'yan kwanaki. A yawancin manyan ayyuka kuwa takarda ce ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin aiki. Saboda haka kalma guda da aka yi wa gurguwar fahimta tana iya cinye ribar kwangila ɗungurungum.

Nauyi da ƙirga

Kalmar farko da za a jefa wa mai saye ita ce GSM. Wannan GSM ba shi da wata dangantaka da wayar salula da ta shigo ƙasar nan a 2001. Abin da ake nufi shi ne nauyin takarda da giram idan aka yanko murabba'in mita ɗaya daga cikinta. In an ce takarda GSM 80 ce, watau murabba'in mita ɗaya nata ya kai giram 80. Takardar jarida takan kasance tsakanin 42 da 49, ta ofis 70 zuwa 80, mai sheƙi ta kalanda da mujalla 115 zuwa 170, katin bangon littafi da na gayyata kuwa 250 zuwa 350.

Amfanin sanin wannan ga ɗan kasuwa shi ne, yana ba shi damar auna gaskiyar abin da aka sayar masa da sikeli kawai. Fallaye 16 na takardar A4 su ne ke cika murabba'in mita ɗaya. Ke nan falle guda na GSM 80 giram 5 ne, fallaye 500 kuma kilo biyu da rabi, katan mai ɗauri biyar kuwa kilo goma sha biyu da rabi, ban da nauyin kwalin da marufi. Idan takardar ta GSM 70 ce, ɗauri guda ba zai kai kilo biyu da giram 200 ba, katan kuma zai tsaya a wajen kilo goma sha ɗaya. Ido ba ya saurin gane wannan bambanci, yatsa ma sai na wanda ya ƙware. Amma ga wanda ya shigo da kayan, bambancin ba ƙarami ba ne, domin shi da tan ya saya. Tan guda na GSM 80 yana ba da ɗauri 400, na GSM 70 kuwa fiye da ɗauri 450. Wanda ya karɓi kuɗin 80 ya kawo 70 ya ci rarar ɗauri hamsin da wani abu a kowane tan ba tare da ya motsa daga kujerarsa ba. Ma'aikatu da makarantun da ke sayen takarda da yawa ya kamata su ajiye ƙaramin sikeli a sito, kuɗinsa bai kai na katan guda ba.

Ga manyan fallaye irin waɗanda maɗaba'u ke saye, akwai lissafi mai sauƙi. A ninka tsawo da faɗi a ma'aunin santimita, a ninka da GSM, sannan a raba da 20,000. Abin da ya fito shi ne nauyin fallaye 500 da kilo. Alal misali, falle mai inci 20 da 30, watau kusan santimita 51 da 76, idan GSM 60 ne, fallaye 500 za su ba da kilo goma sha ɗaya da rabi da 'yan kai. Mai shigo da kaya daga Amurka kuma ya kiyaye, domin su can da fam suke faɗin nauyi, kuma awon ya danganta da irin takardar. Takardar ofis da suke kira mai fam 20 daidai take da GSM 75 a wurinmu.

Wannan ɗauri na fallaye 500 shi ake kira rim. Kalmar ba ta Turawa ba ce tun asali, daga Larabci ta fito, rizma, ma'ana ƙunshi ko dami, ta bi ta Sifen ta shiga harsunan Turai tare da sana'ar yin takardar kanta. A da can rim fallaye 480 ne, watau kwaya 20 mai fallaye 24 kowace. Yanzu kwaya ta koma fallaye 25, rim ya zama 500. Sai dai a lura, kati da sauran takardu masu kauri ba a cika ɗaura su 500 ba, akan same su a fakitin 100 ko 125 ko 250. Don haka in an faɗi farashin fakiti, tambayar da za ta biyo baya ita ce, fallaye nawa ne a ciki?

Har ila yau nauyi daban, kauri daban. Takardu biyu suna iya zama GSM ɗaya amma ɗaya ta fi ɗaya kumbura, saboda yadda aka danne ta a masana'anta. Mai buga littafi da ke son littafinsa ya yi kauri a idon mai saye yakan nemi mai kumburi. Abu na uku shi ne ko takardar shara-shara ce. Idan rubutun baya yana leƙowa ta gaba, to, ba ta dace da bugun fuska biyu ba, komai haskenta.

Girma

Tsarin A da kowa ya sani a yau a Jamus aka fito da shi a 1922, ya zama ma'aunin duniya a 1975. Uwar tsarin ita ce A0, mai milimita 841 da 1,189, wadda faɗinta murabba'in mita ɗaya ne. In an raba ta biyu a sami A1, a sake rabawa a sami A2, haka har zuwa A4 mai milimita 210 da 297, da A5 mai 148 da 210, wadda yawancin ƙananan littattafai ke fitowa a cikinta. Hikimar tsarin ita ce, duk rabawar da aka yi siffar ba ta canzawa, saboda haka ana iya ƙara girman aiki ko a rage shi ba tare da asarar takarda ba.

To amma kasuwarmu ba ta rabu da ma'aunin Ingila na da ba. Har yanzu ana neman fulskaf, doguwar takardar nan ta ɗaliban sakandare da ofisoshin gwamnati, kuma dillalan takarda da inci suke faɗin girman manyan fallaye. A nan ne ake tafka asarar da ba a gani. Mai aiki yakan zaɓi wani girma na daban don takardar tallarsa ta fita daban da ta kowa, bai san cewa ƙarin santimita ɗaya da ya yi ya sa guda shida kawai za su fito daga babban falle maimakon takwas ba. Ragowar da aka yanke shi ya biya kuɗinta, kuma ba shi zai sayar da ita ga masu sayen tarkacen takarda ba. Kafin a tsai da girma, a tambayi mai maɗaba'a guda nawa falle ɗaya zai ba da.

Iri-irin takarda da abin da ya kashe masana'antunmu

Ana yin takarda ne daga zaruruwan itace da aka markaɗa aka dama da ruwa suka zama kamar kunu. Hanyoyin samun wannan kunu biyu ne manya. Ta farko ita ce a niƙa itacen da inji. Wannan ta fi araha, kuma kusan duk itacen ake morewa, sai dai tana barin wani sinadari mai suna liginin, wanda shi ke sa takarda ta koma ruwan ɗorawa ta yi ta karyewa idan ta sha rana. Takardar jarida, wadda 'yan kasuwa ke kira niyusfirin, irin wannan ce. Ta biyu ita ce a dafa itacen da sinadarai har liginin ya narke. A nan kusan rabin itacen ne ke tafiya, shi ya sa ta fi tsada, amma takardar takan yi ƙwari ta kuma daɗe. Farar takardar da ake kira bon daga nan take. Wani lokaci za a ga an rubuta a jikin marufi cewa takardar ba ta da itace. Wannan laƙabi yana ruɗin mutane. Da itace aka yi ta, abin da ake nufi shi ne dafaffen kunu ne, ba niƙaƙƙe ba.

Kiraf kuwa ita ce jar takardar nan mai ƙarfi ta buhun siminti da ambulan da fuskar kwali. Sunan daga Jamusanci yake, ma'anarsa ƙarfi. Atfefa ita ce wadda aka shafe fuskarta da farar ƙasa da makamantanta don tawada ta zauna a sama launi ya fito rangaɗau. Akwai mai sheƙi, wadda ake kira gilos, da marar sheƙi, wadda ake kira mat. Hoto ya fi kyau a ta farko, dogon karatu ya fi daɗin ido a ta biyu. Amma kada a yi kuskuren buga fom ko duk abin da za a cike da biro ko a buga wa hatimi a kan mai sheƙi, domin tawadar ba za ta kama da wuri ba.

Masu buga rasit su san NCR, takardar da ke fitar da kwafi ba tare da an sa kabon a tsakani ba. Sunan na kamfanin Amurka ne da ya fito da ita a shekarun 1950. Hawa uku gare ta: ta sama an shafa mata sinadari a baya, ta tsakiya gaba da baya, ta ƙasa a gaba kawai. In an jera su ba daidai ba rubutu ba zai sauka ba, kuma littafin rasit gaba ɗaya ya tashi a banza. Takardar na'urar POS kuma ba ta amfani da tawada ko kaɗan, zafi ne ke fito da rubutun. Shi ya sa rasit ɗin da aka bari a cikin mota ko aljihu yakan goge. Duk wanda zai kafa hujja da irin wannan rasit wata rana, to, ya ɗauki hotonsa tun yana sabo.

Akwai wata kalma da ba ta cika fitowa a takardar farashi ba, amma ita ce ke bayyana tarihin masana'antar takarda a ƙasar nan, watau dogon zare da gajeren zare. Itatuwan ƙasashe masu sanyi suna ba da dogon zare, wanda ke ƙulla takarda ta yi ƙarfi. Itatuwa irin su malaina da turare suna ba da gajere, wanda ke sa ta yi santsi. Takarda mai kyau tana bukatar haɗin biyun. Gwamnatin Tarayya ta kafa manyan masana'antu uku: ta Jebba a Jihar Kwara, wadda ta fara aiki a 1969, ta takardar jarida da ke Oku Iboku a Jihar Akwa Ibom ta yanzu, wadda ta fara a 1986, da ta Iwopin a Jihar Ogun, wadda aka daɗe ana gininta ba ta taɓa yin aiki da cikakken ƙarfinta ba. An dasa gandayen malaina don ciyar da su, amma dogon zare da sinadarai da kayan gyaran inji duk sai an sayo daga waje. Da darajar Naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sai samun kuɗin musaya ya gagara, ga kuma rashin iya gudanarwa irin na kamfanonin gwamnati. Kafin ƙarshen shekarun 1990 injuna sun yi tsit. An sayar da su ga 'yan kasuwa a shekarun 2000, sai dai hakan bai raba ƙasar da dogaro da takardar waje ba. A ganina darasin tattalin arziki ne da bai kamata a manta ba duk lokacin da aka tashi maganar maye gurbin kayan waje da na gida: a fara duba ko kayan haɗin ma na gida ne.

Zaren nan kuma yana da kwanciya. Yayin da kunun ke gudu a kan injin, zaruruwan sukan kwanta su fuskanci gefe ɗaya. Takarda ta fi lanƙwasuwa lafiya ta wannan gefe. In an haɗa littafi ba tare da kwanciyar zaren ta bi ƙashin bayansa ba, littafin ba zai buɗu sosai ba, bangon kuma zai riƙa bankarewa. Galibi hakan na faruwa ne idan mai maɗaba'a ya juya falle don ya sami ƙarin guda ɗaya ko biyu.

Sai alamar ruwa, watau zanen da ake gani a cikin takarda idan an ɗaga ta ga haske, kamar wanda ke jikin manyan takardun Naira. Kakanninmu sun san ta tun kafin zuwan Turawa. Takardar da fatake ke kawowa Kano da Borno daga Italiya ta hanyar Tarabulus a ƙarni na 19 tana ɗauke da alamar jinjirin wata uku, kuma da ita aka rubuta ɗimbin littattafan malamanmu.

A cikin maɗaba'a

Yawancin aikin kasuwanci da ofset ake yinsa. Asalin dabarar wani Bajamushe ne mai suna Alois Senefelder ya gano ta a 1796, bisa sanin cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa. Ana ɗora hoton aikin a kan wani faranti na gorar ruwa da ake kira filet. Wurin rubutu yana kama tawada, sauran wurin yana kama ruwa. Daga filet tawadar takan hau wani bargon roba, daga nan ta sauka a takarda. Abin da ya shafi aljihun mai aiki shi ne, kowane launi da filet ɗinsa, kowace fuska ta falle kuma da nata. Aiki mai cikakken launi yana bukatar filet huɗu, domin da tawada huɗu ake haɗa dukan launuka: shuɗi mai haske, ja mai ratsin hoda, ruwan ɗorawa da baƙi. Su ne ake taƙaitawa da haruffan CMYK. In an ga an rubuta 4/4 a takardar farashi, ana nufin launi huɗu gaba, huɗu baya. 4/1 kuwa huɗu gaba, baƙi kawai a baya. 4/0 bayan fari fat ne.

Daga nan sai imfireshan, watau wucewar falle ɗaya sau ɗaya ta cikin inji. Da dubu-dubu ake lissafa shi. Tsohon injin nan na kamfanin Heidelberg mai suna Kord, wanda ya cika ƙananan maɗaba'un ƙasar nan, launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda. Ke nan fasta 1,000 mai launi huɗu sai ta wuce sau huɗu, imfireshan 4,000 ke nan. A irin wannan bugu ne ake samun matsalar rejista, inda launukan ba su hau kan juna daidai ba, sai ka ga fuskar ɗan takara da inuwa ja a gefe kamar mai ido huɗu. Inji mai kai huɗu yana gama duka a wucewa ɗaya, ya fi tsada a awa, amma ya fi tsabta da sauri.

A nan ne ilmin tattalin arziki ya shigo. Kuɗin ofset kashi biyu ne. Akwai tsayayyen kuɗi, watau na tsara aiki da filet da saita inji da fallayen da za su lalace kafin launi ya daidaita, wanda ko kwafi goma za a buga sai an biya shi. Akwai kuma kuɗin da ke ƙaruwa da yawan kwafi, watau takarda da tawada da imfireshan. Bugun dijital, wanda a Legas aka fi sani da DI, ba ya bukatar filet, saboda haka tsayayyen kuɗinsa kaɗan ne, amma kowane kwafi da tsadarsa. Mu ƙaddara, don misali kawai ba don farashin kasuwa ba, tsayayyen kuɗin ofset Naira 60,000 ne, kowane kwafi kuma Naira 20, na dijital kuwa Naira 120 kowane kwafi. Mai son kwafi 100 zai biya Naira 62,000 a ofset, amma 12,000 kacal a dijital. A kwafi 600 duka biyun sun yi kunnen doki a Naira 72,000. Mai son kwafi 5,000 kuwa zai biya 160,000 a ofset, ya kuma biya 600,000 in ya nace wa dijital. Wannan ne ya sa mai maɗaba'a yake ce maka ka ƙara yawa farashi zai sauka, kuma ba ƙarya yake yi ba. Sai dai arahar kowane kwafi ba ta da amfani in rabin kayan za su ƙare a sito. Kalandar da ta kwana biyu bayan Janairu ba ta da mai saye, tambarin da aka canza wa adireshi ko lambar hukumar NAFDAC kuma ya zama shara.

Masu ruwan leda da burodi da sauran kayan da ake ƙunshewa a leda ba ofset suke bukata ba. Nasu shi ne fileso, wanda ke amfani da filet na roba mai laushi, ko kuma girabiya, mai amfani da silinda da aka sassaƙa, wanda sai aiki ya yi yawa ƙwarai yake biyan kuɗinsa. A irin wannan ciniki a tabbatar an rubuta wane ne mai filet ko silindar bayan an gama aiki. In mai kaya ne ya biya kuɗinta, bai kamata a sake cajinsa ba idan ya dawo ƙarin bugu, kuma yana da ikon ɗaukarta in ya sauya maɗaba'a.

Rigimar da ta fi yawa tsakanin masu makarantu da 'yan kwangila ita ce ta shafi da warƙa. Warƙa guda shafi biyu ce, gaba da baya. Littafin rubutu mai warƙa 40 shafi 80 gare shi, mai 60 kuma shafi 120. Na taɓa ganin kwangilar da aka rubuta adadi kawai ba a ce warƙa ko shafi ba, mai makaranta yana jiran warƙa 80, aka kawo masa shafi 80, watau rabin abin da ya zata, kuma babu inda zai kai ƙara. Littafin karatu kuwa ba shafi-shafi ake buga shi ba. Ana jera shafuka 8 ko 16 ko 32 a babban falle guda, a buga, a ninke, a sami abin da ake kira sakshan. Littafi mai shafi 96 a girman A5 sakshan shida ne cif masu shafi 16. A injin Kord filet 12 ke nan in baƙi ne kawai, 48 in cikakken launi ne. Marubucin da ya kawo shafi 98 ya jawo wa kansa ƙarin filet da ƙarin aiki saboda shafi biyu tak. Gara ya matse rubutun ya koma 96.

Kafin inji ya tashi akwai furuf, watau samfurin da za a nuna wa mai aiki ya duba ya sa hannu. Wannan sa hannu ba al'ada ba ce kawai. Daga lokacin da aka yi shi, duk kuskuren rubutu ko na lambar waya ya koma wuyan mai aiki. Masu buga Hausa su ƙara sa ido a nan, domin haruffan ɓ da ɗ da ƙ sukan ɓace ko su rikiɗe su zama akwati idan kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin harafin da aka yi aikin da shi. Kada kuma a amince da launin da aka gani a fuskar waya. Allon waya da haske yake haɗa launi, takarda kuwa da tawada, kuma akwai launukan da tawada huɗun nan ba za su iya fitarwa ba. Kamfanin da ke son launin tambarinsa ya zama iri ɗaya kullum sai ya nemi tawada ta musamman mai lamba daga kundin Pantone, ya kuma biya kuɗin filet na biyar. Hoton da aka turo ta WhatsApp yawanci an riga an matse shi, bugu mai kyau kuwa yana son ɗigo 300 a kowane inci. Bilid kuma shi ne rarar milimita uku da ake bari hoto ya zarce iyakar shafi, don in wuƙa ta ɗan kauce kada farin layi ya fito a gefe.

Aikin ƙarshe shi ne gamawa, kuma sau da yawa ba a sa shi cikin farashin farko, sai an zo karɓar kaya a ji sabon lissafi. Ya haɗa da yanka, ninki, sa lamba, huda layin yagewa, da shafa leda a bango, wadda ake kira laminatin. Haɗa littafi kuma iri-iri ne. Ɗinkin waya a tsakiya ya dace da ƙaramin littafi. Haɗin gam ya fi kyan gani, amma in gam ɗin ba mai kyau ba ne zafin bazara kaɗai ya isa ya sa shafuka su fara zubewa. Littafin makaranta da za a yi shekara ana juya shi, ɗinkin zare ne ya dace da shi, ko da ya ɗara tsada.

Ga mai shigo da kaya

Takarda tana zuwa ne a naɗi, don manyan injunan jarida da masu yanka, ko kuma a fallaye. Farashin FOB yana nufin kuɗin kaya har a ɗora su a jirgi a can ƙasar, jigila da inshora na mai saye ne. CIF kuwa ya haɗa har zuwa tashar Apapa ko wadda aka ambata, amma ban da kuɗin fito da na fitar da kaya da na mota. A kundin kwastan kunun takarda yana babi na 47, takarda da kwali na 48, bugaggun littattafai na 49, kuma kuɗin fito ya bambanta daga layi zuwa layi, saboda haka kuskuren lamba yana iya jawo tara. Masu maɗaba'u sun daɗe suna kukan cewa littafin da aka buga a waje yana shigowa da sassauci, bisa yarjejeniyar Florence ta hukumar UNESCO ta 1950, alhali takarda da tawada da filet ɗin da za su buga irinsa a gida ana karɓar musu kuɗin fito. Wannan na daga cikin abin da ke sa manyan kamfanonin littattafai kai aikinsu Indiya da Sin.

Mai wallafa littafi kuma ya sani cewa lambar ISBN, wadda ta koma mai alƙaluma 13 tun 2007, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma dokar 1970 ta wajabta wa mai wallafa mai zaman kansa ya kai kwafi uku can. Sana'ar ɗab'in kanta tana ƙarƙashin cibiyar CIPPON da aka kafa da dokar 2007.

Kafin a ba da kafin alƙalami, takardar yarjejeniya ta faɗi irin takarda da GSM ɗinta, girman aiki bayan yanka, yawan shafi, yawan launi a kowace fuska, irin haɗi, da ranar karɓa. A kuma rubuta yadda za a yi da ƙari ko gibi, domin da wuya bugu ya fito daidai adadin da aka nema. A manna samfurin takardar a jikin yarjejeniyar, kowa ya sa hannu a kai. Wanda kuma zai ɗauki takarda daga Legas ya kai Arewa ya tuna cewa takarda tana shan laima tana kuma fitar da ita. Wadda ta saba da damshin bakin teku, in aka buɗe ta nan take cikin hunturun Kano ko Sakkwato, gefunanta za su bushe su ƙanƙance, ta riƙa maƙalewa a inji. A bar ta cikin marufinta, a kan katako ba a ƙasa ba, ta kwana biyu ko uku a ɗakin da za a yi bugun kafin a kwance ta.